Ɗigo Uku a Ruwan Hauya

Kankiya, Jihar Katsina.

Zuwa ga Yayata Ma'u, a unguwar Sabo, Ibadan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙane ga yayarsa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Alhaji Bishir da yara da jikoki baki ɗaya. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan da kika ce tana hana ki zaman tahiya, ya sa kaffara ce. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Zuliha tana nan da hawan jininta, in ta sha magani ya sauka, in na yi magana ya hau. Ɗiyarmu Sakina ta sauka lafiya, namiji, an raɗa masa sunan Baba, Zainul Abidin, muna kiransa Babba. Zafi kam ana shan shi, amma hadari ya fara haɗowa, har mutanen Tafashiya sun ce sun samu yayyafi shekaranjiya. Kowa ya fara fito da kayan aikin gonarsa yana dubawa.

Yaya, saƙon muryarki ya iso, na kuma saurare shi har ƙarshe. Na ji inda kika ce ƙanenmu Abdullatif ya kira ki ya roƙi ki sa baki in karɓi aikin da ya kawo mini, na ji inda kika ce ɗan'uwa rabin jiki ne. Duk wannan ban musa ba. Inda ya tsaya mini a wuya shi ne da kika ce Abdullatif ya ɗaga sunan Baba, ya zama kyan ɗa da ya gaji ubansa. Na ajiye wayar, Zuliha ta dubi fuskata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Ban amsa miki ta waya ba don na san jikokinki ne ke danna miki ita, kuma abin da zan faɗa ba na so yara su ji shi daga bakin kakansu mai furfura. Hassada nake yi, Yaya. Hassadar Abdullatif nake yi, ta yaron da ni na koya wa riƙon awartaki. Na faɗa miki tun farko don kada ki wahala wajen tonowa, amma ki daure ki ji yadda aka yi.

Kin san ƙarfen shaidar Baba, ko da yake ke lokacin kina cikin gida, mu ne a maƙera. Ɗan guntun ƙarfe ne mai haƙora uku a baki. In ya gama hauya ko garma ko lauje, tun ƙarfen yana ja, sai ya ɗora shi a wuyan ruwan ya buga da masaba sau ɗaya, ɗigo uku su fito kamar duwatsun murhu. Alkawari ne tsakaninsa da manomi: in abin ya tsage ko ya lanƙwashe kafin girbin shekarar, a dawo da shi a karɓi wani, ba gardama. Wanda bai gamsu da ƙirarsa ba kuwa ba ya buga masa, sai ya ware shi gefe ya sayar da araha, a san marar shaida ne. Da Baba ya rasu na riƙe abin shekara biyu, sai mutane suka ishe ni. Wani ya haƙa marmara da hauyar noma ya kawo mini ita a dakushe, wani ya sari kututture da lauje ya zo yana cewa alkawarin gidanku. Rannan raina ya ɓaci na ce na daina, aikina shi ne shaidata, wanda ya san ƙarfe zai gane hannuna ko babu ɗigo. Abin da ban tuna ba shi ne, a idon tsofaffin manoma duk hauyar da ta fito daga gidanmu ba ɗigo, ta gefe ce. Ashe shekara goma sha ɗaya ina zuba ƙarfina a aiki mai kyau, su kuma suna saye a matsayin wanda maƙerin da kansa bai yarda da shi ba, kuma babu wanda ya taɓa faɗa mini.

Ƙarfen kuwa ni na ba Abdullatif da hannuna, ba sata ya yi ba, kada ki ji wani ya ce na ce ya sata. Bayan ya koma Kusada ya buɗe tasa maƙerar, wata rana ya zo gaishe mu ya tarar na tokare ƙofar rumfa da shi don iska. Ya ɗauka ya share da bakin rigarsa, ya tambaye ni ko ina da bukatarsa. Na ce ya ɗauka, ya kawo mini dutse in tokare ƙofar. Har dariya na yi masa, na ce zai ɗauko wa kansa jidali. Zuliha tana wurin, kuma duk lokacin da na fara ƙorafi sai ta tuna mini maganar dutsen nan, Allah ya saka mata.

Shekaru ya yi yana buga ɗigon ba wani abin kirki, yana nan dai kamar ni, ana ci ana rufa asiri. Abin ya canza ne da ɗiyarsa Rauda ta gama karatun kasuwanci ta dawo gida. Yarinyar nan da kika sani da majina, ita ce ta zaunar da ubanta ta ce masa yana zaune a kan dukiya bai sani ba. Ta sa ya daina ƙera wuƙaƙe da tarkon ɓera da maratayin ƙofa, ya tsaya kan kayan gona kaɗai, wai a san shi da abu ɗaya. Ta raɗa wa wurin suna Maƙerar Ɗigo Uku, aka rubuta a allo babba a bakin hanya. Kowace ƙota ana tsoma gindinta a fenti rawaya, yadda ko daga nesa ka hango manomi a gona ka san hauyar wa ke hannunsa. Ta sa farashi ɗaya, ba tayi ba ragi. Alkawarin Baba kuma ta rubuta shi a 'yar takarda ana ɗaura wa kowace ƙota, har da abin da alkawarin bai ɗauka ba, irin su haƙar marmara da saran kututture, wato matsalar da ta sa ni na yar da abin gaba ɗaya ita ta kashe ta da layi biyu. Sannan ta bi ƙauyuka da waya tana ɗaukar tsofaffi suna nuna garmar da suka saya hannun Baba shekara talatin, ga ɗigon nan bai goge ba. Yanzu mutanen Rimaye da Fakuwa, waɗanda iyayensu a rumfarmu ta Kankiya suka san Baba, sai su tsallake ni su hau mota zuwa Kusada. Ina zaune ina ganin su suna dawowa da ƙota rawaya a kafaɗa, wasu har su tsaya su gaishe ni.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya fasa ni ranar wata kasuwa ce, da Malam Idi na Fakuwa, wani dattijo abokin cinikin Baba, ya zo in wasa masa hauya. Ina karɓa na gane ta, don akwai yadda nake naɗe wuya da babu mai yin sa. Tawa ce, na ƙera ta shekara bakwai da suka wuce daga ƙarfen sifirin na ƙarƙashin wata tsohuwar mota akori-kura. Ta cinye har ta kusa rabi amma ba tsaga ko ɗaya. Ina wasawa yana yabonta gaban mutane, yana cewa bai taɓa riƙe hauya irin wagga ba, ta shiga ƙasa kamar wuƙa cikin kabewa. Zuciyata ta fara sanyi, na ce yau dai za a faɗi sunana. Sai ya ce ai aikin Abdullatif ne, tun kafin ya fara buga ɗigo, wai hannun yaron nan daban yake tun asali. Na ce masa a nan ya saye ta, a wannan rumfa, a hannuna. Ya dube ni da tausayi ya ce in yi haƙuri, shi dai ya san kayana marasa shaida ne, na gefe, wagga kuwa ta gaban goshi ce. Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Na juya hauyar gaba da baya ina neman abin da zan nuna masa, babu. Na miƙa masa abarsa ya tafi yana sa wa Abdullatif albarka.

To a nan ne na yi wautar da har yanzu in na tuna nake jin kunya. Na koma gida na ƙera nawa ƙarfen shaidar. Na zauna na yi tunani, na ce ni ne babba, na girme shi da shekara tara, in nasa uku ne to nawa huɗu, kowa ya ga huɗu ya san ya fi uku. Zuliha ta ce in je in yi shawara da Rauda, na ce Allah ya kiyaye in nemi shawarar 'yar cikina a kan sana'ar ubana. Na ƙera hauya arba'in, Yaya, mafi kyawun abin da hannuna ya taɓa fitarwa, na buga musu ɗigo huɗu huɗu. Har fenti na saya, da yake ban samu rawaya irin tasu ba na ɗauki ruwan lemo. Na ba wani mai tebur ya baza su a kasuwa, na koma gefe ina kallo. Manomi zai ɗauka, ya ƙwanƙwasa ya ji ƙarar ƙarfe mai kyau, ya juya wuyan ya ƙirga da yatsa, sai ya ajiye a hankali ya ce jabu ce. Ɗaya ya ce ɓarayin ma ba su iya lissafi ba. Kafin la'asar hoton hauyata ya zagaye wayoyin manoma, Rauda ta saka shi da gargaɗi cewa a yi hattara, an fara kwaikwayon kayansu, a riƙa ƙirga ɗigo kafin a biya. Ba ta san tawa ce ba. Garin neman gira na rasa ido, da ina maƙeri marar shaida, na wayi gari ina mai jabun kayan ƙanena.

Ba a kwana biyu ba mai teburin ya faɗi wanda ya ba shi kaya. Sai ga Rauda da safe ta zo har gida, ta durƙusa a tsakar gida tana kuka, tana cewa Baba Ashiru ya yafe mata, da ta san nasa ne da ta yanke hannunta kafin ta saka. Ta goge hoton a gabana, amma kin san abin da ya shiga waya ya shiga duniya. Na ce ta tashi, ba ta yi laifi ba, gidan ubanta ta tsare. Da gaske nake, amma ina kallonta ina cewa a raina me ya sa ba a cikin nawa 'ya'yan aka samu irinta ba. Kin ga inda abin ya kai ni, har 'ya'ya na fara ƙirga wa ɗan'uwana. Na yi istigfari, na sa Zuliha ta dama mata fura.

Akwai kuma wanda ban faɗa wa kowa ba sai ke. Na aiki ƙanen Zuliha Kusada ya sayo mini hauya ɗaya mai ƙota rawaya, na ce kada ya ce ni ne. Na shiga da ita bayan rumfa na rufe ƙofa. Na duba wuya, na duba baki, na sa ta a kan uwar maƙera na buga, na sari dutse da ita har hannuna ya yi tsami. Ina sara ina roƙon Allah ta tsage. Ni da nake salla biyar, ina addu'a aikin ɗan'uwana ya lalace. Ba ta tsage ba. Naɗin wuyanta bai kai nawa ba, wannan ko gaban alƙali zan faɗa, amma hauya ce ta gaskiya, Baba zai buga mata ɗigo ba tare da ya yi tunani biyu ba. Da aikin banza yake yi yana rufewa da fenti, da na samu abin riƙewa, in ce duniya ce ta lalace, talla ta fi ƙira. To ba haka ba ne. Ya iya, kuma an san ya iya. Ni na iya, babu wanda ya sani. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to in haka ne gonar Abdullatif ba ta bukatar na kanti bana, ni kaɗai na ishe ta.

Ana cikin haka ya zo da maganar da ya kai miki. Wata ƙungiyar manoma ta nemi hauya ɗari uku da garma hamsin kafin shuka, kuma sun ce sai mai ɗigo uku. Hannunsa ba zai iya ba a ɗan lokacin da ya rage. Ya zo da kansa, ya cire takalmi tun daga bakin rumfa, ya zauna a ƙasa, ya ce Yaya Ashiru babu wanda zai ba wannan aiki ya yi barci sai ni. Ya ce in ƙera rabi, a buga musu ɗigon Baba, a raba abin da aka samu daidai. Har ya zaro ƙarfen daga aljihu ya ajiye a gabana, ya ce ni zan riƙa bugawa da hannuna, ai na gidanmu ne ba nasa ba. Ladabin nan nasa ya fi komai ƙona ni, don da ya zo da girman kai da na samu dalilin korarsa. Na tambaye shi sunan wa manoma za su kira in sun ga ɗigon. Ya sunkuyar da kai, don shi ma ya san amsar. Na tambayi Rauda ko za a iya ƙara sunana a allon, ko a 'yar takardar. Ta ce a allo za a iya, kuma za ta yi, amma ta gaya mini gaskiya don ba ta so ta yaudare ni, mutane sun riga sun haɗa ɗigon da fuskar ubanta, kuma abin da ya zauna a zuciyar mai saye ba a goge shi da fenti. Ta ce in ina son nawa sunan ya tsaya da ƙafarsa sai in fara daga farko da wata alama daban, in ba ta shekara biyar ko shida. Shekarata hamsin da bakwai, Yaya, kafaɗar dama kuma ta fara ba ni labari.

Don haka ki kwantar da hankalinki, na karɓa. Ba sai kin sake aiko da wani saƙon ba. Amma kada ki ce wa kowa na karɓa don zumunci ko don na huce, ban huce ba. Na karɓa ne don damina ba ta jira, gidana yana bukata, kuma hauya arba'in masu ɗigo huɗu suna jibge a ɗaki ba mai so, sai dai in mayar da su wuta. Yau kwana tara ke nan ina aikin. Jiya na buga wa ta sittin. Duk wadda na ɗora wa ƙarfen na ɗaga masaba, sai in ji kamar ina sa hannu a takardar sayar da gonata. Ɗigon ya fito tsaf, in dube shi in ga Baba, in kuma san wanda zai saye ta Abdullatif zai gani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo, don kuɗin kam ya ce a raba, kuma na san zai raba. Da yamma motarsu takan zo ta kwashe a kai Kusada a tsoma a fenti, ni kuma in share rumfa in rufe.

Ina roƙonki ki sa ni a addu'a Allah ya cire mini wannan abu daga zuciya, don na san ciwo ne, kuma na san yaron nan bai zalunce ni da ƙwayar gero ba. In kin kira shi kada ki nuna masa na rubuto miki haka. Ki yabe shi yadda kika saba, ya cancanta. Sai dai in za ki sake cewa wani ya gaji Baba, ki bari sai ba na kan layi.

Ki gaishe mini da Alhaji Bishir da kyau, ki ce ina yi masa fatan kasuwa ta yi albarka. Ki gaida Abdulrauf da iyalinsa, da Ummusalma, da Amatullah da ta ce za ta zo hutu ba ta zo ba, da duk jikoki har wanda ban sani ba. Zuliha tana gaishe ki ƙwarai, ta ce in gaya miki daddawarki da kuka suna cikin ƙullin da direba zai kawo miki. Sakina da mijinta suna gaisuwa, su ma sun ce a sa wa Babba albarka.

Umar direba, wanda zai ba ki wannan takarda, zai ba ki wani abu naɗe a buhu. 'Yar ƙaramar hauya ce, daidai hannunki, don ɗan lambun kuɓewar da kika ce kina yi a bayan gida. Ita na ƙera ta ƙarshe jiya, na ɗauki lokaci a kanta fiye da kowace, kuma da na zo ɗora mata ƙarfen sai na fasa. Ba ta da ɗigo, ba ta da fenti. In maƙwabta sun gani sun tambaye ki aikin wane ne, ki ce na ƙanenki Ashiru ne, maƙeri a Kankiya. Ki faɗi sunan sosai yadda za su ji, ko da ba za su taɓa saye ba.

Wassalam, Allah ya sada mu da alheri.

Naki ƙane,
Ashiru Zainul Abidin.